Daga Kano zuwa York: yadda Turawa a zamanin baya suka ɗauki ciki da narkewar abinci

Ɗan ƙanwata da ke karatun tarihin likitanci a birnin Leicester na Ingila ne ya aiko mini da takardar gayyata, jim kaɗan bayan na ajiye aikin jinya. Biza ta fito ana tsaka da girbin gero. Na bar Kano da asuba a motar haya, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Zariya zuwa Kaduna. Shingayen jami'an tsaro suna nan inda aka san su: direba ya rage gudu, a leƙo a dubi fuskoki, a tambayi inda aka nufa, a ɗaga hannu a ce Allah ya kiyaye hanya. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa, na sauka a Kubwa, na kwana a gidan wani tsohon abokin aiki.

Uwargida ta ɗaure mini kilishi da man shanu, amma yaron ya yi waya ya ce, "Kawu, nama da duk abin da aka yi da madara ba sa shiga Ingila daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi." Sai na bar wa mai masaukina su, na wuce da kuka da daddawa da citta da kanumfari. Jirgin dare ne, awa shida da wani abu. A Heathrow layin masu fasfo irin namu dogo ne. Jami'ar da na tarar ta tambayi wurin wa na zo, yaushe zan koma, wa zai ciyar da ni, ta duba takardar gayyata, ta buga hatimi. Bas zuwa Leicester ta ci mini kimanin fam 25.

Yaron yana haya a unguwar Highfields, ɗaki ɗaya a saman wani gidan jan bulo, bandaki da kicin na haɗaka. Abin da yake biya a wata zai kama wa mutum gida sukutum na shekara a wasu unguwannin Kano. Unguwar ta Musulmi ce sosai, Indiyawa da Somalawa da 'yan Bangaladash, ga masallatai, ga shagunan nama na halal a jere a titin Evington. Ta wannan ɓangaren ban ji baƙunta ba. Cikina ne ya ji ta. Burodi mai sanyi da aka cusa wa cuku, madara daga firji da sassafe, ga iskar kaka mai shiga ƙashi, nan da nan ciki ya ɗaure ya kumbura. Na shiga kicin na dafa citta da kanumfari, na ce wa yaron sanyi ne ya kama mini tumbi.

Ya ajiye cokali ya ce, "Kawu, da likitan Landan na shekarar 1390 yana tsaye a nan, da ya yarda da maganarka, kuma da wannan abin da ka dafa zai rubuta maka."

Daren nan ba mu yi barci da wuri ba. Ya buɗe kwamfuta yana nuna mini hotunan tsofaffin littattafai, yana bayani. A wurin likitocin Ingila na wancan zamani, tumbi tukunya ce, hanta kuma ita ce wutar da ke ƙarƙashinta. Abinci ya shiga, a dafa shi har ya koma wani farin ruwa mai kauri, wannan shi ne dahuwa ta farko. Ruwan ya wuce hanta a sake dafa shi, ya zama jini. Kumfar da ta taso ta zama ruwan ɗaci mai rawaya ta tafi matsarmama, guggubin da ya kwanta ya zama baƙin ruwan ɗaci ya tafi saifa, abin da bai gama dahuwa ba ya zama majina, tsinkakken ruwan ya bi ta ƙoda ya fita fitsari. Dahuwa ta uku a gaɓoɓi take, inda jini ke zama tsoka. Suna da ƙa'ida cewa kuskuren da aka yi a dahuwar farko, ta biyu ba ta iya gyara shi. Shi ya sa alamar likita a zanen lokacin ita ce kwalbar fitsari a ɗage sama yana dubawa, domin launin fitsari ne ke gaya masa ko girkin cikin ya nuna, ko ɗanye ne, ko ya ƙone.

Daga wannan tunani duk dokokin cin abincinsu suka fito. Kada a ɗora sabon abinci kan wanda bai gama dahuwa ba. Kada a kwankwaɗi ruwan sanyi ana tsaka da ci, wutar za ta mutu. Ɗanyen kayan marmari abin tsoro ne saboda sanyi da danshinsa, sai an dafa. Mai sauƙin narkewa shi ke fara shiga. Bayan an gama a rufe bakin tukunya da ɗan busasshen cuku ko 'ya'yan ƙamshi da aka lulluɓe da sukari, don kada tururi ya hau kai ya kawo ciwon kai da munanan mafarkai. In za a kwanta, a fara da ɓangaren dama, daga baya a juya hagu. Washegari a wani gidan abincin Indiyawa aka miƙo mana 'ya'yan shammar masu sukari a ɗan faranti tare da takardar kuɗi, yaron ya nuna mini su da ido.

Ya kuma bi da ni ta kan kalmomin. Turancin farko, wanda ake yi kafin 1066, yana kiran tumbi maga, yana kiran ciki gaba ɗaya wamb. Ta biyun ta zama wombe, kuma namiji ma yana da ita: mai haɗama ana cewa wombe ɗinsa yake bauta wa. Yau womb ta taƙaita ga mahaifa kaɗai, alhali mu har gobe kalmar ciki tana ɗauke da duka biyun, na mai jin yunwa da na mai juna biyu. Da Normawa suka ci Ingila a 1066 suka zo da Faransanci, sai stomak ta shigo, wadda asalinta a Girkanci maƙogwaro take nufi. Zuwa ƙarni na 14 ta zauna daram a bakin likitoci, tsohuwar maga kuma, wadda ta zama maw, a hankali aka bar wa dabbobi ita. Abin da ya fi tsaya mini shi ne a cikin nan suke ajiye halin mutum. Girman kai da fushi da jarumta a stomak suke, tausayi a hanji, damuwa mai nauyi kuma daga baƙin ruwan saifa take tasowa. Bahaushe mai cewa farin ciki da baƙin ciki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Kamar da ke tsakaninmu da su tana da dalili. Tushen ilimin shi ne Jalinusa, likitan da aka haifa a shekarar 129 a Pergamon, cikin Turkiyya ta yau. An juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙa da ya rasu a 873 shi ne jagoran aikin. Ar-Razi da Ibn Sina suka gina a kai, Ibn Sina ma dahuwa huɗu ya ƙirga. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya juya Alƙanun na Ibn Sina zuwa Latin a Toledo, daga nan ya isa makarantun Turai. Wannan ilimin dai shi ne ya ƙetaro Sahara ya shiga zaurukan malamanmu, inda ake maganar damu da balgamu da safra'u da sauda'u, wato jini da majina da ruwan ɗaci mai rawaya da baƙin ruwan ɗaci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da kan basir da kan filasko, kuma filaskon nan ta hannun likitocin Larabawa ya shiga kantunan maganin Turai.

Ni ma'aikacin asibiti ne, na san babu wuta a ƙarƙashin tumbi. Ruwa mai tsami ne da sinadarai ke narkar da abinci, kuma a Landan ɗin nan William Prout ya tabbatar da irin ruwan a 1823. To amma na shekara da shekaru ina jin tsofaffi a ɗakin duba marasa lafiya suna cewa "zafi ne ya yi mini yawa" ko "sanyi ya shige ni", ina kuma ganin yadda wasu matasan ma'aikata ke kawar da kai kamar an faɗi shirme. Waɗannan tsofaffin suna magana ne da harshen wata makarantar likitanci da ta riƙe duniya sama da shekara dubu, daga Bagadaza har Oxford. Wanda ya san haka zai saurare su da mutunci, kuma zai fi saurin gano abin da ke damunsu.

A Leicester ɗin muka fara yawo. Sarki Richard na Uku an kashe shi a yaƙin Bosworth a 1485, kabarinsa ya ɓace, sai a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci a tsakiyar gari. Yanzu an gina wurin baƙi a kai, ramin yana nan an rufe shi da gilashi, mutum ya tsaya a kansa ya leƙa. Ramin gajere ne, an yi shi cikin gaggawa. Da masu bincike suka duba ƙasar da ke daidai ƙugunsa, sai suka tarar da ƙwayayen tsutsar ciki, irin doguwar nan da muke fitarwa daga cikin yaran ƙauye. Sarki guda, mai cin kifi da naman tsuntsaye. Likitocinsa da sun gani da sun ce majina ce ta ruɓe a hanji ta haifi tsutsa, su ba shi ganye mai ɗaci dangin tazargade. Ba su san daga hannun mai girki da takin lambu take shiga ba.

Landan jirgin ƙasa ne na awa ɗaya da 'yan mintoci, amma tikitin da aka saya a ranar tafiya ya ninka wanda aka saya da wuri, don haka yaron ya yanka mana tun mako guda kafin nan. Babban ɗakin karatu na ƙasa yana dab da tashar St Pancras, kuma zauren da ake baje tsofaffin rubuce-rubuce kyauta ne. Na daɗe a gaban kwafin Alƙur'ani na rubutun hannu masu ruwan zinari. Daga nan muka je majami'ar Westminster, inda kuɗin shiga ya kai kusan fam 30, muka tsaya a kabarin mawaƙi Chaucer da ya rasu a 1400. A cikin labaransa akwai wani likita da aka jero malaman da ya karanta, ciki har da Ibn Sina da Ar-Razi da Ibn Rushdi, aka kuma yabe shi da cewa ba ya cin abin da ya wuce kima, sai mai gina jiki mai sauƙin narkewa. Akwai kuma labarin zakara da ya yi mugun mafarki ya farka a firgice, matarsa kaza ta ce masa cika ciki ne da yawan ruwan ɗaci, ya ci tsutsotsi na kwana ɗaya ko biyu don narkarwa, sannan ya sha maganin wankin ciki. Marubucin ya san masu sauraronsa za su gane wannan ba tare da bayani ba, wato ilimin ya riga ya sauko daga makaranta ya shiga tsakar gida.

Winchester ta fi ko'ina kwanta mini. Daga tashar Waterloo kimanin awa ɗaya ne. A ƙasan babban titi akwai mutum-mutumin Sarki Alfred da aka kafa a 1901, riƙe da takobi. Ya yi mulki daga 871 zuwa 899, kuma malamin fadarsa ya rubuta cewa wani ciwo mai tsanani ya kama shi ranar bikin aurensa, bai sake shi ba shekara da shekaru. Wasu likitocin yau suna ganin ciwon hanji ne mai tashi yana kwantawa. A garin nan ake kyautata zaton an kwafi littafin maganin da ake kira na Bald, a tsakiyar ƙarni na 10, da Turancin farko ba da Latin ba. Kashinsa na biyu na cututtukan cikin jiki ne, kuma da tumbi ya fara, kafin hanta, kafin saifa. A ciki har an adana magungunan da babban limamin Kirista na Kudus ya aiko wa Alfred. A wannan littafi ne aka samo haɗin ciwon ido na tafarnuwa da albasa da ruwan matsarmamar bijimi, wanda masu bincike a Nottingham suka gwada a 2015 suka ga yana kashe wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani.

Daga babbar majami'a muka bi gefen kogin Itchen a ƙafa, ta cikin fadama, ruwa garai-garai ana ganin ciyawar ƙasa tana kaɗawa, har gidan gajiyayyu na St Cross. Bishop Henry na Blois ne ya kafa shi a shekarun 1130, don ya riƙe talakawa 13 ya kuma ciyar da mutum 100 a ƙofa kullum. Har yau tsofaffi na zaune a ciki, wasu da baƙar alkyabba wasu da ja mai duhu. Kuma har yau matafiyin da ya tsaya a ɗakin mai gadi ya roƙi rabon matafiyi, za a ba shi yankan burodi da ɗan kofin giya. Na roƙa. Na gaya wa matar da ke wurin ni Musulmi ne, burodin kaɗai zan karɓa. Ta yi murmushi ta ɗora mini shi a ɗan akushin katako. Bai fi loma biyu ba, fari, mai laushi. Na ci a tsaye a ƙarƙashin ƙofar dutsen, zuciyata ta tafi zauren kakana, inda ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha fura. Sadaka ta kusa shekara 900 ba ta yanke ba, wannan abin a yaba ne ko a wurin wa aka gan shi.

Tafiya arewa muka yada zango a Newark, ƙaramin gari a bakin kogin Trent. Tsohuwar fadar garin kango ce yanzu. A nan Sarki John ya mutu a watan Oktoba na 1216, da atuni. Marubutan zamanin suka ɗora laifin kan wasu 'ya'yan itace da ya ci da yawa tare da sabon ruwan tuffa. Haka aka ce da Henry na Ɗaya a 1135, wai wani kifi mai santsi da likitansa ya hana shi ne ya ci. Mutum irin John da ke yawo da runduna cikin fadama yana shan ruwan da ya samu, mu yau mun san inda za mu fara dubawa. A garin nan kuma John Arderne ya yi aikin fiɗa daga 1349 zuwa 1370, ya shahara da yanka ƙurjin dubura mai yoyo da maganin basir, cututtukan mahaya doki masu wuni a sirdi cikin ruwan sama. Ya rubuta cewa a nemi fam 40 a wurin babban mutum, da tufafi, da wani abu duk shekara muddin rai.

A York muka kwana a ƙaramin masauki kusa da ganuwa, fam 80 ɗaki mai gado biyu, karin kumallon kuma naman alade ne ya fi yawa a ciki, sai muka tsaya ga ƙwai da wake da shayi. Titin Shambles tsohon layin mahauta ne, matsattse, benayen katako sun sunkuyo har suna neman haɗuwa, ƙugiyoyin rataye nama na nan a gaban wasu shaguna, tsakiyar titin kuma nan ne jini da kayan ciki ke bi. A gidan tarihi na Jorvik, a cikin akwatin gilashi, an ajiye bayan gidan wani mutum na ƙarni na 9 da aka tono a 1972 wajen haƙa harsashin banki. Tsawonsa santimita 20, ya zama kamar dutse. Yara 'yan makaranta na ta dariya, ni kuwa na sa tabarau na karanta bayanin: nama da burodi ya fi ci, kuma cike yake da ƙwayayen tsutsa iri biyu. Yaron ya ƙara mini da binciken da aka buga a 2022 kan gawarwakin Cambridge, inda aka ga 'yan zuhudu sun kusa ninka mutanen gari a yawan tsutsa, duk da sun fi su masai mai kyau, kuma ana zargin takin masan da suke zuba wa lambunsu. Nan take lambunan bakin Jakara suka faɗo mini, da latas da kabejin da ake ci ɗanye a kan shinkafa. Ingila ba ta rabu da cututtukan hanji ba sai da ta raba ruwan sha da na masai, bayan kwalarar 1854 da warin kogin Thames na 1858. Wannan aikin yana gabanmu, kuma ya fi ƙarfin citta da kanumfari.

A wani shagon kayan ƙamshi a York na ga 'yar kwalba da aka rubuta wa suna mai ma'anar 'ya'yan aljanna, fam 5. Na buɗe na shinshina, citta mai 'ya'ya ce, wadda ake aunawa a gwangwani a Kurmi. Daga Afirka ta Yamma take, ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar teku, fataken Italiya su kai ta Turai. Tana cikin littafin girkin masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci, na wajen 1390, littafin da ya ce an tsara shi da yardar likitocin fada. A abin shan bayan cin abinci suke saka ta, don ta ƙara wa tukunya wuta.

Komawa gida babu wani labari, sai dai jakata ta yi nauyi da takardun da yaron ya buga mini. A tashar bas ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, don Allah in ka huta ka zaga wurin masu magani, ka rubuta mini yadda suke kiran cututtukan ciki da yadda suke bayanin kowanne, da bakinsu, kada ka gyara musu." Na sauka Abuja hunturu ya fara busawa, washegari na iso Kano. Na sayi littafi mai bango mai kauri na fara da Kurmi: ƙwarnafi, ƙabar ciki, gyambon ciki, atuni, shawara, basir mai tsiro da mai jini. Littafin ya kusa rabi, ban ma bar layin masu sayar da sassaƙe ba tukuna.